Kifin Salmon a Kogin Kolumbiya: Lissafin da Ke Ɓoye Asara

A shekarar 1992 kifi ɗaya tak daga jinsin salmon da ake kira sokai ya iso Tafkin Redfish, can cikin duwatsun jihar Idaho ta Amurka. Namiji ne, kuma bai tarar da mace ko ɗaya ba. Kafin ya kai wurin ya yi iyo na kimanin kilomita 1,450 daga Tekun Pasifik, ya haura tudu mai tsayin kusan mita 2,000, ya kuma ƙetare manyan madatsun ruwa takwas a kogunan Kolumbiya da Snake. Ma'aikatan da suka kama shi sun laƙaba masa suna Lonesome Larry saboda kaɗaicinsa, suka tatsi maniyyinsa suka daskarar, domin kada zuriyarsa ta yanke. Shi kansa tafkin ya samo sunansa ne daga jan launin da wannan kifi ke rikiɗewa ya yi idan lokacin ƙwai ya zo, don a da yawansu kan sa ruwan ya yi ja.

Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, salmon da ɗan'uwansa steelhead tsakanin miliyan 10 zuwa 16 ne ke shigowa Kogin Kolumbiya daga teku a kowace shekara. Yau abin da ke dawowa bai cika wuce miliyan ɗaya zuwa biyu ba, kuma mafi yawansu an ƙyanƙyashe su ne a kwamin siminti, ba a cikin tsakuwar kogi ba. Wannan magana ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke ɓacewa a duk lokacin da hukuma ta fito da alƙaluman shekara ta ce kifi ya dawo da yawa.

Ba za a fahimci rikicin ba sai an san yadda wannan kifi ke rayuwa. Macen salmon takan zaɓi ƙorama mai sanyi da ruwa garau, ta kwanta a gefe guda tana kaɗa jela da ƙarfi har ta haƙa rami a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya zuba maniyyi a kansu, sannan ta matsa gaba kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta taso ta rufe ƙwan da ke baya. Bayan 'yan kwanaki ko makonni ita da namijin sai su mutu, gawarwakinsu su zama abincin ƙwari da tsuntsaye da dabbobin dawa, abin da ya rage ya zama taki ga itatuwan bakin rafi. 'Ya'yan da suka fito sukan yi watanni, wasu shekara ɗaya ko biyu, a ruwan daɗi, sannan ruwan da ke malalowa daga narkewar ƙanƙarar duwatsu ya kwashe su zuwa teku. A kan hanya jikinsu na sauyawa domin ya iya jure ruwan gishiri, kuma wannan sauyi yana da ƙayyadadden lokaci. Bayan shekara ɗaya zuwa biyar a teku, sai kifin ya juyo, ya daina cin abinci, ya bi ƙamshin ruwan da aka haife shi a ciki har ya kai ƙoramar iyayensa.

Saboda kowane kifi gida yake komawa, kowace ƙorama tana da nata iri, wanda ya dace da tsawon tafiyarsa da zafin ruwansa da lokacin ambaliyarsa. Wanda zai yi tafiya mai nisa yakan shigo da kitse mai yawa, wanda zai tsaya kusa da teku ba ya buƙatar haka. Don haka abin da ake kira salmon na Kolumbiya tarin zuriyoyi ne masu yawa, kuma idan ɗaya ta ƙare, zuba wata a gurbinta ba ya mayar da ita.

Ɓarnar ta fara tun kafin madatsu. An buɗe masana'antar farko ta zuba kifi a gwangwani a bakin kogin a 1866, kuma a 1883 kamun jinsin cinuk, wanda shi ne mafi girma, ya kai ƙololuwar da bai sake kaiwa ba. Ana kamawa da taru da tarko da wasu manyan ƙafafun katako masu juyawa da ƙarfin ruwa suna ɗebo kifi dare da rana, waɗanda jihar Oregon ta haramta a 1926, jihar Washinton kuma a 1934. A lokaci guda masu saran itace da masu haƙar ma'adinai da masu noman rani suna cika ƙoramu da laka, suna janye ruwa, suna sare inuwar da ke sanyaya rafuka. Tun a 1875 shugaban hukumar kifi ta Amurka, Spencer Baird, ya gano abubuwan da za su kashe wannan arziki, wato yawan kamu da madatsu da lalata mazaunin kifi, amma shawarar da ya bayar ita ce a riƙa ƙyanƙyasar kifi da hannu, don a ganinsa hakan ya fi sauƙi a kan kafa dokokin da ba za a iya tilasta bin su ba. A 1877 aka gina gidan ƙyanƙyasa na farko a yankin, a Kogin Clackamas. A ganina wannan shawara ita ce ta shata hanyar da aka bi har yau: a bar kogi ga masu buƙatar sa, a sama wa kifi madadin kogi.

Sai zamanin madatsu ya zo. An kammala ta Bonneville a ƙarshen shekarun 1930, kuma an yi mata matakalar ruwa da manyan kifi za su bi su haura. Ta Grand Coulee, wadda aka kammala a 1942, tsayinta ya wuce a yi mata matakala, saboda haka ta rufe fiye da kilomita 1,600 na wuraren ƙwai gaba ɗaya, har zuwa cikin Kanada. A watan Yunin 1940 ƙabilun yankin suka taru a gangaren ruwan Kettle suka yi taron da aka sani da Bikin Hawaye, suna ban kwana da masuntar kakanninsu kafin ruwan tafki ya haɗiye ta. Irin wannan ya sake faruwa a Celilo, inda masunta 'yan asalin ƙasar suka shafe dubban shekaru suna tsayawa a kan dandamalin katako da suka kafa a bakin dutse, igiya ɗaure a ƙugu don kada ruwa ya fizge su, suna zura koma mai dogon mariƙi cikin kumfa suna ɗago kifi. Ranar 10 ga Maris, 1957, aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, kuma cikin 'yan sa'o'i ƙugin ruwan da ake ji daga nesa ya yi tsit. Daga baya aka ƙara madatsu huɗu a ƙasan Kogin Snake, wato Ice Harbor da Lower Monumental da Little Goose da Lower Granite, ta ƙarshensu a 1975, waɗanda suka mayar da garin Lewiston na Idaho tashar jiragen ruwa duk da nisansa da teku.

Mutane da yawa suna zaton matsalar madatsa ita ce babban kifi ya kasa haurawa. Matakala ta rage wannan sosai. Inda aka fi yin asara shi ne wajen saukowar ƙananan. Ɗan kifin da bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba ya dogara ne da ƙarfin ruwa ya kai shi teku, amma yanzu jerin tafkuna yake tararwa masu ruwa kwance, tafiyar ta tsawaita, ƙarfinsa ya ƙare, lokacin sauyin jikinsa ya kuɓuce. A cikin tafkunan akwai kifaye masu cin 'yan'uwansu, a bakin madatsa akwai injinan wuta da ke iya ji masa rauni, a mashigin teku kuma tsuntsaye dubbai na jira. Ko da kaso kaɗan ne ke mutuwa a kowace madatsa, idan aka jera takwas asarar takan taru ta yi yawa, sannan akwai waɗanda suke isa teku da rai amma a galabaice, su mutu daga baya inda babu mai ƙirga su. Ruwan da ke kwance kuma yana shan rana. Salmon yakan fara shan wahala da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selsiyos, kuma a bazarar 2015 an ƙiyasta cewa sokai manya kusan 250,000 ne suka mutu a kan hanya saboda ɗumin ruwa.

Abin da hukumomi suka yi a kan wannan yana da yawa, kuma ba zan ce ba su yi ƙoƙari ba. Ana tattara ƙananan kifi a zuba su cikin jiragen dako ko tankokin mota a wuce da su madatsu. Ana sakin ruwa ta saman madatsa a lokacin ƙaura domin kifi ya kauce wa injina. Ana biyan masu fatsa lada a kan kowane kifin pikeminnow da suka kama, saboda yana cin 'ya'yan salmon. Ana korar tsuntsaye daga tsibiran da suke sheƙa, ana kuma kashe wasu dabbobin teku da suka koyi tsayawa a gindin matakalar Bonneville suna cafke kifi. Mafi yawan kuɗin yana fitowa ne daga masu biyan kuɗin wutar da madatsun ke samarwa, bisa dokar 1980 da ta wajabta a kula da kifi tare da lantarki. Wani bincike da masana daga jami'o'in Oregon da Washinton suka wallafa a 2023 ya duba fiye da dala biliyan 9 da aka kashe cikin shekara kusan 40, kuma bai sami shaidar cewa yawan haifaffun kogi ya ƙaru ba. Yau rukuni 13 na salmon da steelhead a wannan yanki suna cikin jerin halittun da dokar Amurka ta 1973 ke karewa daga ƙarewa, kuma sokai na Kogin Snake ne ya fara shiga, a 1991.

Batun gidajen ƙyanƙyasa yana buƙatar a yi masa adalci, domin fuska biyu gare shi. A cikin kwami, mafi yawan ƙwai sukan rayu, alhali a cikin tsakuwa kaɗan ne ke tsira, don haka a takarda lissafin yana da kyau. Sai dai kifin da ya tashi yana cin abincin da ake watso masa daga sama, bai taɓa gudun maƙiyi ba, wani irin kifi ne dabam, kuma cikin zuriya kaɗan halittarsa takan karkata ga rayuwar kwami. Binciken da aka yi a kan steelhead a Kogin Hood na Oregon ya nuna cewa idan irin wannan kifi ya je yin ƙwai a kogi, 'ya'yan da yake bari ba su kai na haifaffen kogi ba, kuma idan suka yi barbara da juna raunin yakan shiga zuriyar kogin. Ga kuma gasar abinci: ƙasashen da ke kewaye da arewacin Pasifik suna sakin ƙananan salmon kusan biliyan 5 a kowace shekara, cikin tekun da abincinsa ke da iyaka. A ɗaya ɓangaren, ba don ƙyanƙyasar hannu ba da sokai na Tafkin Redfish ya daɗe da zama tarihi, kuma ƙabilar Nez Perce ta yi amfani da ita tun shekarun 1990 ta dawo da jinsin koho Kogin Clearwater bayan an tabbatar ya ƙare a can. Ƙyanƙyasa tana iya riƙe ran zuriya har a gyara mata gida. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a matsayin gyaran kansa.

Daga nan ne matsalar tsara kamun kifi ke tasowa. A teku da ƙasan kogi, kifin kwami mai yawa da haifaffen kogi mai ƙaranci tare suke iyo, taru kuma ba ya tantancewa. Idan aka yanke yawan kamu bisa yawan kifin da ake gani gaba ɗaya, zuriyar kwami za ta iya jurewa, don kifi kaɗan sun isa a sake cika kwami, amma ƙaramar zuriyar wata ƙorama mai uwaye 'yan ɗari tana iya shafewa ba tare da alƙaluman sun nuna komai ba. Domin magance wannan, ana yanke wa kifin kwami wani ɗan ƙaramin fiffike da ke bayansa kusa da jela kafin a sake shi, ta yadda masunci zai riƙe mai yankakken fiffike ya mayar da mai cikakke ruwa. Dabara ce mai amfani, sai dai wani kaso na waɗanda aka mayar yakan mutu saboda wahalar ƙugiya da taru. Ƙari a kan haka, ana yanke ƙa'idar kamu ne bisa hasashen yawan kifin da zai dawo, kuma hasashen yakan yi kuskure, musamman tun da yanayin teku ya fara rikicewa. Sannan kifin da aka haifa a Idaho yana iya faɗawa tarun wani a gaɓar Kanada ko Alaska, abin da ya sa Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1985.

Duk da haka, kamun kifi shi ne ɓangaren da aka fi matsewa, saboda shi ne mafi sauƙin matsewa. Takarda guda ta isa a rufe kakar su, kamar yadda aka rufe kamun salmon na kasuwanci a gaɓar Kalifoniya a 2023 da 2024 da 2025, amma sauya yadda ake sarrafa madatsa sai an yi shekaru ana shari'a. Hausawa na cewa an bar jaki ana dukan taiki, kuma masunta da yawa a wannan yanki haka suke ganin lamarin. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne ƙabilun Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce, waɗanda a yarjejeniyoyin 1855 suka sallama ƙasa mai faɗin gaske bisa sharaɗin za su ci gaba da su a wuraren da suka saba. Kotuna sun tabbatar musu da wannan haƙƙi, kuma hukuncin alƙali George Boldt na 1974 ya ba ƙabilun da ke da yarjejeniya rabin kifin da ya halatta a kama. Amma rabin abin da ya kusa ƙarewa ba ya ciyar da al'umma, kuma yawancin gidajen ƙyanƙyasar da aka gina da kuɗin dokar Mitchell ta 1938 domin diyyar ɓarnar madatsu an kafa su ne a ƙasan kogi, inda kifin ba zai taɓa haurowa zuwa masuntar ƙabilun ba. Sai a watan Yunin 2024 ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta amsa a rubuce cewa madatsun sun cutar da waɗannan ƙabilu.

Masu kare madatsu suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Suna cewa ai kifi na raguwa har a kogunan da ba su da irin waɗannan gine-gine, kuma gaskiya ne. Kogin Yukon, wanda ya ratsa Kanada da Alaska, ba shi da jerin madatsu irin na Kolumbiya, amma cinuk ɗinsa ya ragu har ta kai a 2024 Alaska da Kanada suka amince a dakatar da kama na asalin Kanada tsawon shekara 7, wato kimanin tsawon rayuwar kifi guda. Mutanen ƙauyukan da suka dogara da shi wajen abincin hunturu suna kallon rumfunan shanyar kifi babu komai, suna kuma nuna yatsa ga manyan jiragen su na Tekun Bering da ke haɗawa da salmon cikin tarunsu ba da nufi ba. Ɗumamar teku irin wadda aka gani daga 2014 zuwa 2016 ta rage abincin ƙananan kifi, kuma cinuk da ke dawowa yanzu sun fi na da ƙanƙanta, ƙaramar uwa kuwa ƙwanta bai kai na babba ba. Amma ni ina ganin wannan hujja tana ƙara nauyin gyara kogi ne. Babu hukumar da za ta iya sanyaya teku a shekara goma, abin da ke hannunta shi ne ta tabbatar kifi ya isa tekun da yawa, da ƙarfinsa, kuma iri-iri. Gaɓar Bristol ta Alaska ta nuna amfanin hakan: babu madatsu a kogunanta, babu gidajen ƙyanƙyasa, ma'aikata na zama a kan hasumiyoyi a bakin ruwa suna ƙirga kifin da ya haura, kuma ana buɗe su ko a rufe gwargwadon ko an sami isassun uwaye. A 2022 sokai kusan miliyan 79 suka dawo can. Zuriyoyin suna da yawa, idan wata ta yi ƙasa a shekara sai wata ta yi sama.

Tambayar da ta rage ita ce ta madatsu huɗu na Kogin Snake, domin a bayansu akwai ƙoramun tsakiyar Idaho masu tsayi da sanyi, waɗanda suke cikin mafi kyawun mazaunin da ya saura yayin da duniya ke ɗumama. Suna samar da wuta kimanin megawat 1,000 a matsakaici, suna ba jiragen dako damar fitar da alkama da araha, wasu gonaki kuma na shan ruwan tafkinsu, don haka duk mai neman a fasa su dole ya faɗi abin da zai maye gurbin waɗannan. A 2021 ɗan majalisar wakilai daga Idaho, Mike Simpson, wanda ɗan jam'iyyar Republican ne, ya gabatar da tsari na dala biliyan 33.5 domin a fasa su a kuma biya waɗanda za su yi asara, amma majalisa ba ta ɗauka ba.

A kudu da nan an gwada, a Kogin Klamath da ke tsakanin Oregon da Kalifoniya, inda a 2002 manyan salmon fiye da 30,000 suka mutu saboda ƙarancin ruwa da cuta, abin da ya tunzura ƙabilun Yurok da Karuk suka shafe shekara 20 suna fafutuka. An kammala rushe madatsu huɗu a can a 2024, kuma cikin makonni aka ga cinuk a ƙoramun Oregon da rabonsu da ganin sa ya haura shekara 100. Sai dai madatsun Klamath wutarsu kaɗan ce, babu jiragen dako a kansu, kuma kamfanin da ya mallake su ya lissafa ya ga rushewa ta fi yi musu matakala araha. Na Snake mallakar gwamnatin tarayya ne, ba a taɓa su sai da izinin majalisa. A watan Disambar 2023 gwamnatin Joe Biden ta cimma matsaya da ƙabilun nan huɗu na Kolumbiya da jihohin Oregon da Washinton cewa a dakatar da shari'ar da ake yi da gwamnati kan yadda ake sarrafa madatsun Kolumbiya da Snake, a zuba kuɗi wajen farfaɗo da kifi, a kuma nemo abin da zai maye gurbin aikin madatsun. A watan Yunin 2025 gwamnatin Donald Trump ta janye daga wannan matsaya, masu ƙara kuma suka koma gaban kotun tarayya da ke Portland, inda aka shafe fiye da shekara 20 ana wannan shari'a.